Jan fentin da aka shafa a shagon Kawu

Ranar Alhamis ce, ranar da kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 saboda shara. Ina tsaye da tsintsiya a ƙofar shagon Kawu, sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin gada, mutum huɗu suka sauko. Ɗaya da tef ɗin awo, ɗaya da gwangwanin fenti, ɗaya da damin takardu, na huɗun kuma waya ce a hannunsa yana ɗaukar hoto. Ba su yi wa kowa tsawa ba, har gaisawa muka yi. Suka ja tef daga bakin kanal, wato babbar magudanar ruwa, zuwa cikin layinmu, duk bangon da awon ya ci sai a zana masa ƙaton gicciye ja, a manna takarda. Shago 14 suka shafa. Na Kawu ne na shida.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Tun ina goye ya sauka Ikko, shi ya ɗauko ni daga Malumfashi bayan na gama sakandare, ya zaunar da ni a wannan 'yar kasuwa da ke gefen Agege, inda yake sayar da wake da gero da dawa da masara. Tun daga lokacin duk wata takardar Turanci da ta shigo layin ni ake miƙa wa.

"Me suka rubuta, ɗan nan?"

"Kawu, sun ce shagon ya shiga hurumin magudanar ruwa. Sun ba da kwana 7 a kai takardar izinin gini. In babu, a kwashe kaya."

"Izini? Shekara nawa ina biya? Miƙo min jakar can."

Jakar fata ce da yake ajiyewa a ƙarƙashin benci. Na zazzage ta a kan buhu. Akwai rasit na ƙungiyar kasuwa, akwai tikitin ƙaramar hukuma na shekara da shekaru, akwai kuɗin kwasar shara, akwai wata tsohuwar takarda da ta yi ruwan ƙasa wadda dangin da suka sayar masa da wurin suka dangwala wa hannu. Kawu bai taɓa cin kuɗin kowa ba, bai taɓa tsallake biyan wata ba. Amma a duk tarin nan babu ko ƙyalle ɗaya da ya ce hukuma ta yarda a kafa bulo a wannan gurbi. Na rasa bakin da zan faɗa masa haka a gaban jama'a, sai na ce bari mu yi tambaya.

Bayan Azahar aka zauna a masallaci. Nan wani ya kawo mutumin da aka ce ya san manya a sama, in aka haɗa masa abin da zai shiga da shi, magana ta mutu. Aka yanka wa kowane shago kasonsa. Na ɗan matsa kusa da Kawu na ce, "Kawu, da mun fara kai takardar nan inda aka rubuto ta." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Garin nan da hannu ake tafiyar da shi." Na yi shiru, don ba a ja da babba a cikin taro. An haɗa kuɗin, mutumin ya karɓa, ya zo sau biyu yana cewa an kusa, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Ni kuma na ɗauki hoton takardar na kai wa wani lauya da ke sayen wake a wurinmu duk ƙarshen wata. Mutumin kirki ne, ya zaunar da ni kusan awa biyu bai karɓi ko sisi ba. Abin da na ji a ranar, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ya sa nake wannan rubutu, domin na gane yawancinmu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Ijora muna rayuwa ne a ƙarƙashin dokokin da ba mu san girmansu ba, ba mu kuma san iyakarsu ba.

Tambayar farko da ya yi min ita ce, ƙasar Legas ta wace ce? Na ce ta masu gari ce, 'yan ƙasa da ake kira omo onile. Ya girgiza kai. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta ɗauki duk ƙasar da ke cikin kowace jiha ta danƙa wa gwamna, ya riƙe ta amana a madadin 'yan Najeriya baki ɗaya. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, shi ne ake ba da takardar C of O a kansa, galibi na shekara 99. In za ka sayar ko ka jinginar, sashe na 22 ya ce sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin naka idan maslahar jama'a ta buƙaci wurin, kamar hanya ko layin dogo ko makaranta ko magudanar ruwa. Dokar nan an cusa ta cikin kundin tsarin mulki, don haka ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Na tuna yadda muke cewa a gida "gonar ubana", na ji wani iri. A Malumfashi ma dokar ɗaya ce, bambancin kawai can ba kullum ake zuwa da tef ba.

To ko da ƙasar ta zama taka da takarda, gini wani babi ne daban. Mallakar fuloti ba ita ce izinin gini ba, kuma nan ne da yawanmu ke faɗuwa. A 1992 gwamnatin tarayya ta yi dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya, jihar Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ko da a kan filin tarayya ne da ke cikin jihar. Daga nan Legas ta riƙe abinta da hannu biyu. Dokarta ta tsara birane ta 2010, wadda aka yi wa gyara a 2019, ita ta kafa hukumar da ke ba da izinin gini, LASPPPA, da wadda ke sa ido kan ginin tun daga tushe har rufi, LASBCA, da wadda ke kula da sabunta tsofaffin unguwanni, LASURA. Ƙarƙashin wannan doka jami'i na da ikon shiga fili ya duba, ya ba da takardar saɓa ƙa'ida, ya ba da umarnin dakatar da aiki, ya ce a tashi, ya garƙame wuri, a ƙarshe ya ba da takardar rusau. Ƙara bene, ko mayar da gidan kwana ya zama shaguna, ko fitar da rumfar bulo zuwa bakin titi, duk suna buƙatar izini. Kuma ginin da aka yi ba izini, in aka rushe shi, doka ba ta ɗora wa gwamnati biyan diyya ba.

Ɓangaren muhalli shi ma da nasa haƙoran. Akwai dokar kare muhalli ta jihar ta 2017, akwai LAWMA ta shara, akwai LASEPA mai kula da hayaƙi da ƙara da gurɓataccen ruwa, akwai 'yan KAI masu kama masu saɓa dokar tsafta, da kowane mai talla ya san kalar rigarsu, akwai kotun tafi-da-gidanka da ke yanke tara nan take. Duk wanda ke Mile 12 a watan Oktoban 2023 ya ga yadda aka wayi gari an garƙame kasuwa sukutum saboda ƙazanta, motocin tumatir da tattasai da suka kwana a hanya daga Arewa suna tsaye kaya na narkewa, sai bayan 'yan kwanaki aka buɗe da sharuɗɗa. A watan Janairun 2024 kuma aka haramta farar robar nan ta zuba abinci, saboda ita ke toshe kwatoci. Wanda ya taɓa leƙa kanal ɗinmu da rani ya san ba ƙarya aka yi mata ba.

A nan zan faɗi abin da wasu 'yan'uwa ba sa son ji daga bakina. Wannan iko ba zalunci ba ne a asalinsa, kuma garin nan ba zai zaunu ba in babu shi. Legas gari ne da ke kwance a kan ruwa da fadama, jama'a kuma kullum ƙaruwa suke. Tun zamanin Turawa, annobar da ɓeraye ke yaɗawa ce ta tilasta kafa hukumar tsara Legas a 1928, bayan cunkoso da ƙazanta sun ci rayuka a tsakiyar gari. A zamaninmu kuwa, ranar 13 ga Maris, 2019, bene ya rufta a Ita Faji da makarantar firamare a samansa, kimanin mutum 20 suka rasu, da yawansu yara, kuma gini ne da aka riga aka shafa wa alama. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya zube a titin Gerrard da ke Ikoyi, sama da mutum 40 suka mutu, akasarinsu leburori masu neman na tuwo irinmu. Duk lokacin da na tuna yaran Ita Faji sai in ce da ma katafila ta riga rufin nan zuwa. Ba zan iya zagin jan fenti gaba ɗaya ba alhali na san akwai ranar da rashin bin sa ya binne 'ya'yan mutane.

Mu ma a layinmu, in za a faɗi gaskiya, mun san me muka yi. Shagon Kawu da farko rumfar katako ce, tsakaninta da ruwa akwai filin da akuya ke kiwo. Aka mayar da ita bulo, aka ƙara sito a baya, maƙwabci ya ga haka shi ma ya ƙara, har aka wayi gari bangon baya a kan leɓen kanal yake zaune. Ƙaiƙayi da ɓawon albasa da leda duk ta taga ake watsa su. Duk damina ruwa sai ya shiga gidajen da ke ƙasa da mu, matan unguwar su kwana suna kwalfa da bokiti, mu kuma mu ce ikon Allah. Ikon Allah ne, amma da hannunmu a ciki.

Sai dai lauyan bai tsaya nan ba, kuma rabin na biyu shi ne wanda ba a cika gaya mana ba. Dokar da ta ba hukuma iko ita ce kuma ta ɗaure ta da matakai. Idan gwamna zai soke haƙƙin mutum a kan fili, dole dalilin ya zama maslahar jama'a ta gaskiya, dole a rubuta, jami'in da aka ba izini ya sa hannu, a kuma isar da takardar ga mai wurin. Kotun Ƙoli ta sha rushe irin wannan sokewa saboda ba a isar da sanarwa ba, ko saboda an karɓe daga wani an miƙa wa wani ɗan kasuwa. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ce ba a karɓar dukiyar mutum da ƙarfi sai da biyan diyya ba tare da jan ƙafa ba, da kuma damar zuwa kotu. Sashe na 29 na dokar 1978 ya fayyace cewa diyyar ta abin da ka kafa ce a kan ƙasar, gini ko shuka ko rijiya, ba ta ƙasar kanta ba. Sashe na 36 kuma ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ita kanta takardar da aka manna mana, kwana 7 ɗin nan ba ado ba ne. Ƙofa ce aka buɗe: ka zo da takardunka, ka rubuta koke a buga maka hatimin karɓa, ka nemi a sake awo a gabanka, ka nemi ƙarin lokaci, in ta kama ka garzaya kotu ka roƙi a dakatar. Mu kuwa a kwana bakwai ɗin muna zaune muna jiran wayar ɗan tsakani.

Ya ba ni labarin shari'ar Ojukwu ta 1986, wadda ya ce duk ɗalibin lauya a ƙasar nan ya haddace ta. Gwamnatin soja ta Legas ta tura 'yan sanda da makamai suka fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. Kotun Ƙoli, a tsakiyar mulkin soja, ta ce gwamnati ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta ta yi gaban kanta. Ya kuma tuna min da sharar ƙarshen wata da ake hana fita, yadda a 2015 Babbar Kotun Tarayya ta ce babu dokar da ta ba da ikon tsare mutane a gida saboda shara. Wato ba duk abin da mai kaki ya faɗa ne doka ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na faɗa masa: Ojukwu Ojukwu ne, Kawu kuma mai wake ne. Tarihin garin nan ma ya goyi bayan mai wannan magana. A watan Yulin 1990, zamanin Kanal Raji Rasaki, an share unguwar Maroko da ke Legas bayan sanarwar kwana 7, an ƙiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, yau wurin yana cikin mafi tsadar ƙasa a Najeriya. A Makoko a 2012 awa 72 aka bayar. A Otodo Gbame, tsakanin ƙarshen 2016 da Afrilun 2017, an kori sama da mutum 30,000, wani ɓangare na korar ma ana tsakiyar shari'a, sai a watan Yunin 2017 babbar kotun jihar ta ce korar mutane ba isasshiyar sanarwa ba kuma wurin komawa ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Hukunci ya fito, amma gidajen sun riga sun zama yashi. Wannan shi ne ciwon da ke raina game da yadda ake amfani da ikon nan. Mai bene a Lekki yana da lauya tun kafin fenti ya bushe, mai rumfa kuwa sau da yawa ƙarar katafila ce sanarwarsa. Kuma ban taɓa jin an kamo wanda ya sayar da bakin kanal ya ci kuɗi ba, ko wanda ya shekara 20 yana yankar tikiti a kan wurin da ya san haramtacce ne. In gini laifi ne, ai ba mai ginin kaɗai ya aikata shi ba. Hukumar da ta iya gano mu ranar karɓar haraji ta iya gano mu ranar da aka fara kafa bulo na farko, ta hana tun asarar ba ta yi nauyi ba.

Akwai kuma maganar da ke yawo a majalisunmu duk lokacin da aka taɓa wurin da 'yan Arewa suka fi yawa, cewa don mu Hausawa ne. Ba na raina wannan zafi, musamman ga mutanen Alaba Rago da suka sha ganin takardar tashi a wurin da iyayensu suka share tun yana daji. Amma na ga an datse manyan gidaje a Ikota saboda hanyar ruwa, na ga an rufe kasuwannin Ladipo da Oyingbo. Abin da na fi gani a tare da mu shi ne mun fi kowa zama ba takarda. Muna saye da amana, muna haya da baki, shaidarmu "wane yana wurin". Wannan hali ne mai kyau a tsakaninmu, sai dai ba ya tsayawa a gaban tef. A 2024 gwamnatin jihar ta buɗe ƙofar afuwa ta wasu watanni ga masu ginin da ba izini su je su daidaita takardunsu ba tare da tara ba. A duk masallatan da nake sallah ban ji an yi sanarwarta ko sau ɗaya ba. Shugabannin al'umma da na ƙungiyoyin kasuwa, da girmamawa nake faɗa, wannan aikinku ne. Kuɗin da ake haɗa wa ɗan tsakani a dare ɗaya ya isa a riƙe lauya na shekara. Wanda ba shi da hali ma akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka kyauta a jihar, akwai kuma hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya.

A namu lamarin lauyan bai ɓoye min ba. Ya ce ba mu da izini, kuma muna kan hanyar ruwa, babu alƙalin da zai ce a bar mu. Abin da za mu iya samu shi ne lokaci, da kuma a tsaya a kan awo kada a ci har inda bai kamata ba. Ya rubuta mana wasiƙa, ni da wasu matasa biyu muka kai, aka buga mana hatimi a kan kwafinmu. Na dawo na sami Kawu bayan Isha'i yana zaune shi kaɗai a kan benci.

"Kawu, don Allah mu kwashe kayan sito."

"Kana ganin za su zo?"

"Za su zo, Kawu."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kira masu kura."

Dare uku muna jigilar buhuna zuwa gidan wani aminin Kawu. Wasu a layin suka ce mun karaya, mun ja wa kowa baƙin jini. Bayan kusan mako biyar katafila ta iso da sassafe, da motar jami'an tsaro a bayanta. Na fito da kwafin wasiƙarmu na nuna wa shugaban tawagar, ya karanta, ya sa aka sake jan tef a gabanmu. Sito ya tafi gaba ɗaya, da kusan rabin shagon, amma gaban ya tsira, haka ma na mutum biyar da ke jere da mu. Maƙwabcinmu da bai kwashe ba, buhunan gerinsa har cikin ruwa. Dattijo ne mai jikoki, ya tsuguna a gefen titi ya rufe fuska da hula, babu wanda ya iya ce masa komai. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, domin shi ma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, takarda ce kawai ba a karanta masa da kyau ba, kuma ina cikin waɗanda ya kamata su nace.

Da damina ta zagayo, bayan an yashe kanal ɗin, aka yi wani ruwa tun asuba har la'asar. Na tsaya a kan gada ina kallon yadda yake wucewa ta inda sitonmu yake a da. Gidajen ƙasa ba su kwalfe ko bokiti ɗaya ba a ranar. Wata tsohuwa Bayarabiya da ke sayen gero wurin Kawu don kokonta ta zo washegari tana ta godiya ga Allah, Kawu ya auna mata, ya ƙara mata gyara, bai ce uffan ba.

Watan jiya aka yi masa tayin wani shago a cikin gari, mai sito babba, farashi da sauƙi. Ejan ɗin na ta gaggawa, wai akwai wani mai so. Kawu ya kira ni gefe.

"Ɗan nan, kafin in ba da ko kwabo, je ka duba min. Wancan ofishin na safiyo da ka ce ana gane ko fili na gwamnati ne, da takardar izinin ginin, duk ka gani da idonka."

"To, Kawu. Amma zai ɗauki kwanaki, kuma akwai ɗan kuɗin bincike."

Ya zaro jakar fatar nan daga ƙarƙashin benci, ya ƙirgo kuɗin ya miƙo min, ya ce wa ejan ɗin ya dawo bayan sati biyu.